Benen Kallon Farauta Na Sarkin Ingila

A darasin tarihi mun saba koyo daga littattafai, amma gini ma yakan ba da shaida idan an dube shi da kyau. Bari mu ɗauki wani tsohon bene da ke Chingford, a bakin dajin Epping, arewa maso gabashin birnin Landan. Ana kiransa Masaukin Farauta na Sarauniya Elizabeth. To, a sunan nan akwai kuskure biyu. Ba ita ta gina shi ba, kuma tun farko ba masauki ba ne.

Mahaifinta, Sarki Henry na Takwas, shi ya sa aka gina shi, aka gama a 1543. Sarkin nan ya yi fice wajen farauta tun yana saurayi, amma a lokacin ya yi ƙiba ƙwarai, ga miki a ƙafa, sukuwa a kan doki ta fara gagararsa. Sai ya sa aka killace wani yanki na dajin ya zama gandun barewa, aka kafa wannan bene a kan tudu. Sunansa na asali Great Standing, wato babban wurin tsayawa. Sarki da baƙinsa su hau sama, bayi da karnuka su koro barewa zuwa fili, su kuwa suna kallo, mai so ya harba da baka. Ko wannan farauta ce ta gaskiya, sai mu bar wa 'ya'yan mafarautan da ke cikinmu su faɗa.

Yanzu mu duba ginin kansa. Hawa uku ne idan an haɗa da na ƙasa, kuma ƙashinsa duk na katako ne, daga wani ice mai ƙarfi da suke kira oak. Kafintocin zamanin sukan fafe rami a jikin wannan gungume, su fiƙe bakin wancan su cusa, sa'an nan su buga turken ice ya riƙe. Abin da ya kamata mu lura da shi sosai shi ne hawa na biyu da na uku. A yau suna da bango da tagogi, amma da fari a buɗe suke kamar rumfa, sai ginshiƙai da makari daidai ƙugu don kada mutum ya faɗo. Wanda zai kwana a wuri, a ƙasa mai sanyi irin Ingila, ba zai bar shi haka ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa don ido aka yi shi.

Matakalar tana cikin wata 'yar hasumiya da ke manne da ginin. Tana da faɗi, kuma takunta gajeru ne, yadda mai nauyin jiki zai hau ba wahala. Daga nan mutanen wurin suka sami tatsuniyar cewa Sarauniya Elizabeth ta hau matakalar bisa doki don murnar cin jiragen yaƙin Sifen a 1588. Labari ne mai daɗi, amma kada wani ya rubuta shi a jarrabawa. Abin da ke rubuce shi ne, a 1589 an duba ginin don a gyara shi a zamanin mulkinta.

Henry bai daɗe yana morarsa ba, gama ya mutu a 1547. Daga baya aka toshe buɗaɗɗun wuraren da bango, masu tsaron daji suka zauna ciki, har aka riƙa sayar da shayi ga masu yawon buɗe ido. A ƙarni na 19 masu filaye suka yi ta killace dajin suna hana talakawa kiwo da saran itacen girki. Aka yi ta shari'a, har majalisa ta kafa doka a 1878 wadda ta danƙa dajin ga hukumar birnin Landan don amfanin kowa. Sarauniya Victoria ta zo da kanta a 1882 ta tabbatar da haka. A 1895 benen ya zama gidan ajiye kayan tarihi.

Akwai wani abu kuma da ya yaudari mutane. Wajen 1900 masu gyara suka ƙara katakai na ado a jikin bangon, ya fito baƙi da fari, don a ganinsu haka ginin zamanin Henry ya kamata ya kasance. Mutane suka yi shekaru kusan casa'in suna ɗaukar hotonsa a haka. A farkon shekarun 1990 aka cire ƙarin, aka shafe bango da katako da farar ƙasa, wadda takan kāre ice daga ruwa da ƙwari. Masu ziyara a yau suna hawa wannan matakala mai faɗi har sama, su leƙa ta taga su hangi filin da ake koro wa sarki barewa.