Birki da Shan Mai: Ina Iyakar Gyaran da Za A Yi wa Ƙaramar Mota?

Gabatarwa

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka bayyana janye tallafin man fetur a Nijeriya, kuɗin lita ya tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, masu mota suka shiga neman dabarun rage shan mai. Ɗaya daga cikin dabarun da ake jin labarinsu ita ce taɓa birki. Wasu kan sassauta shi, wasu kan sa masa ƙarin sifirin, wasu ma har su kashe birkin baya ɗungurungum. Wannan darasi zai duba ko akwai gaskiyar kimiyya a cikin wannan tunani, da yawan man da za a iya tserarwa, da kuma haɗarin da ke biye.

Yadda birki yake aiki

Aikin birki shi ne mayar da makamashin tafiya ya koma zafi ta hanyar gogayya. Idan direba ya taka birki, ƙafarsa tana tura wani ƙaramin fistin da ke cikin silindar da makanikai ke kira masta. Shi kuma fistin sai ya matsa man birki, matsin ya bi ta bututu ya isa kowace ƙafar mota. Wannan ita ce dokar da masanin nan na Faransa, Blaise Pascal, ya bayyana a ƙarni na 17, wato ruwan da aka rufe yana isar da matsi daidai wa daida ko'ina.

Birki iri biyu ne. Akwai mai faifai, wanda wani ƙarfe mai kama da awartakin maƙera, da ake kira kalifa, yake matse faifan da fad guda biyu, ɗaya ta kowane gefe. Akwai kuma mai ganga, wanda takalma biyu suke buɗewa su dafe cikin gangar. Yawancin ƙananan motoci suna da faifai a gaba, a baya kuwa ko faifai ko ganga.

To, me ke faruwa idan aka ɗaga ƙafa? A birki mai ganga akwai sifirin mai ƙarfi da ke janye takalman. A mai faifai kuwa, wani zoben roba ne da ke kewaye da fistin yake ɗan lanƙwasa lokacin da aka taka, sa'an nan ya miƙe ya dawo da fistin baya da abin da bai kai rabin milimita ba. Saboda ƙanƙantar wannan tazara, fad yakan ci gaba da shafar faifai ko da ba a taka birki ba. Wannan shafa ita ce masu dabara suke son kawarwa.

Nawa ne man da ake asara?

Bari mu yi lissafi. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da makamashi wajen jul miliyan 32, amma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai yake isa ga tayoyi, saura yana bin salansa da lagireto a matsayin zafi.

Mu ƙaddara shafar birki mai lafiya tana riƙe mota da ƙarfin nuton 10. A tafiyar kilomita 100, wato mita 100,000, aikin da aka ɓata shi ne 10 × 100,000, wato jul miliyan 1. Kafin inji ya samar da wannan sai ya ƙona man jul miliyan 4, wato kashi ɗaya cikin takwas na lita. Motar da ke shan lita 6 a kilomita 100, ko da an kawar da shafar gaba ɗaya, ribarta wajen kashi 2 cikin 100 ce kawai.

Yanzu mu ƙaddara tsatsa ko ƙura sun sa fistin ya maƙale, riƙon ya kai nuton 100. Asarar ta zama lita 1.25 a kowace kilomita 100, wato ƙarin wajen kashi ɗaya cikin biyar. Ashe ke nan babbar asara tana wurin birki mara lafiya. Magani kuwa shi ne a mayar da shi yadda masana'anta ta ƙera shi.

Haɗarin nesanta fad daga faifai

Mai karatu zai iya cewa, ai kashi 2 ɗin ma kuɗi ne, me zai hana a sa sifirin ya ture fad? Amsar tana cikin wani lissafin. Mu ɗauki fistin ƙafa mai faɗin milimita 54 da na masta mai faɗin milimita 22. Fuskar na farko ta ninka ta na biyu sau 6. Idan kowane fad ya ja baya da ƙarin rabin milimita, kowace ƙafa tana bukatar ƙarin tafiyar milimita 1, ƙafafun gaba biyu milimita 2. A wurin masta wannan ya zama milimita 12. Matakin birki kuma sanda ce mai ninka tafiya wajen sau 4, don haka ƙafar direba za ta nutse kusan santimita 5 kafin birki ya fara kamawa.

Motar da ke gudun kilomita 72 a awa tana cin mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Jinkirin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa mita 4 ne, wato tsawon motar kanta. Idan yaro ne ya gilma a hanyar makaranta, wannan mita 4 ita ce tsakanin tsira da asarar rai. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Masu ƙera motoci sun daɗe da sanin wannan matsala. Bayan tsadar mai ta shekarun 1973 da 1979, kamfanin General Motors na Amurka ya fito da kalifa mai janye fad sosai a farkon shekarun 1980. Amma sai da ya haɗa ta da masta ta musamman, mai tura mai da yawa a farkon taku domin cike tazarar nan take. Wato ba a canza sashe ɗaya sai an canza abokinsa, an kuma gwada su tare. Gwajin irin wannan ya fi ƙarfin garejin unguwa. Kashe birkin baya kuwa yana ɗora wa ƙafafun gaba dukkan aikin, su yi zafi da wuri, nisan tsayawa ya ƙaru.

Gyaran da ya dace

Na farko, a gano ko birki yana riƙewa. Bayan tafiyar 'yan kilomita ba tare da yawan taka birki ba, a kusanta hannu ga kowace ƙafa, kada a taɓa ƙarfen. Wadda ta fi 'yar'uwarta zafi ita ce abar zargi. Makanike zai ɗaga motar da jak ya juya tayar, ya ji ko tana cijewa.

Na biyu, a wanke sandunan da kalifa ke zamewa a kansu, a shafa musu giris ɗin birki, a canza robar da ta yage. A duba igiyar birkin hannu, domin ita ma tana maƙalewa.

Na uku, a kula da man birki. Yana tsotsar laima daga iska, shi ya sa masana'antu da yawa suke cewa a canza shi duk shekara 2. Bisa ƙa'ida, sabon mai nau'in DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyos, amma idan ya sha laima yana iya tafasa a wajen digiri 155. Birkin da ke riƙewa yana ɗumama man, in ya tafasa ya yi kumfa, sai a taka a ji wayam. Kada a zuba baƙin mai ko ruwan sabulu a madadinsa, domin baƙin mai yana kumbura roba, ruwa kuwa yana kawo tsatsa.

Ƙafar direba

Akwai asarar da ta fi waɗannan duka. Makamashin tafiya shi ne rabin nauyi sau gudu sau gudu. Mota mai kilogiram 1,000 da ke cin mita 20 a daƙiƙa tana ɗauke da jul 200,000, wanda ya ci man jul 800,000. Duk lokacin da aka tsayar da ita da birki, wannan mai ya bi iska, kuma tsayawa 40 irin wannan lita ɗaya ce cur. A rabin wannan gudu, asarar kashi ɗaya cikin huɗu ce kawai. Saboda haka direban da ke barin tazara, yake ɗaga ƙafa daga totur tun daga nesa, ya fi mai ƙarin sifirin riba. Wannan asara ce ta sa aka ƙera motoci irin su Toyota Prius, wadda ta fito a Japan a 1997, masu mayar da wani kaso na makamashin tsayawa zuwa cikin batir.

Amma kada a kashe inji a gangare da sunan tsimi. Na'urar da ke taya ƙafa matsa birki daga inji take samun ƙarfi, in an kashe shi, bayan taku biyu ko uku matakin sai ya yi tauri. Motoci masu injekta ma suna yanke mai da kansu idan an saki totur ana cikin giya.

Aiki ga ɗalibai

1. A kifa keke, a juya tayar gaba, a ƙidaya daƙiƙun da za ta yi kafin ta tsaya. A ɗan matse robar birki ta riƙa shafa, a sake juyawa da ƙarfi iri ɗaya. A kwatanta sakamakon.

2. A lissafa makamashin mota mai kilogiram 1,000 da ke gudun kilomita 108 a awa. Sau nawa ya ninka na mai gudun kilomita 72?

3. Direba yana tafiyar kilomita 200 kullum da birki mai riƙon nuton 100. Lita nawa yake asara a kwana 30? A nemo kuɗin lita a gidan mai mafi kusa, a faɗi abin da gyaran zai tserar masa.