Sanyin Ɗaki Daban, Kyawun Iska Daban

Yawancinmu muna ɗauka cewa in aji ya yi sanyi, to iskarsa lafiya lau. Ba haka abin yake ba. Iyakwandishan ɗin da ake maƙalawa a bango iskar cikin ɗakin yake zuƙa, ya sanyaya ta, ya maido ta. Ba ya shigo da sabuwa. Sai a rufe tagogi, a cika ɗakin lakca maƙil, kafin awa guda wurin ya fara nauyi.

Abin da ke taruwa shi ne iskar CO2. A waje yawanta kusan 420 ne cikin miliyan, wato ppm 420, amma a numfashin da muke fitarwa ta kai kusan 40,000. Tun 1858 wani masani Bajamushe, Max von Pettenkofer, ya ba da shawarar kada ta wuce 1,000 a cikin ɗaki. Wannan adadin ba guba ba ne. Alama ce cewa iskar ba ta sauyawa, kuma abin da na kusa da kai ya fitar shi kake shaƙa, har da ƙwayoyin mura ko na tarin fuka in yana ɗauke da su.

Gini mai sarrafa iskarsa da kansa abu uku yake buƙata: na'urar aunawa, kwantirola mai yanke hukunci, da fanka mai ƙofar iska da ke buɗewa ko rufewa. In CO2 ta hau, kwantirola ta ƙara wa fanka gudu. In an tashi daga aji, ta rage. Nan ne ribar take, kuma 'yan Mekanikal ku riƙe wannan: in ka rage gudun fanka zuwa kashi 80 cikin ɗari, wutar da take ci tana komawa kusan rabi, domin 0.8 × 0.8 × 0.8 ya ba da 0.512. A makarantar da ke sayen dizal, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Sai dai hunturu yana rikita lissafin. Ranar da hazo ya sauka, iskar waje cike take da ƙura mai laushi, wadda ake kira PM2.5. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 maikurogiram 15 ne a kowace mita kubik, a matsakaicin awa 24. Kwantirolar da CO2 kaɗai ta sani za ta buɗe ƙofa ta kwaso ƙurar nan duka. Dole a haɗa da na'urar auna ƙura da matata mai kyau, kuma a nisanta mashigar iska daga hayaƙin janareta.

Masu shirin yin furojet da Arduino, a kula. MQ-135 tana da araha, amma hayaƙi da turare duk suna motsa ta, ba CO2 kaɗai take ji ba. A nemi irin MH-Z19, mai aunawa da hasken infared. A kafa ta daidai tsayin mutum a zaune, nesa da taga, kuma kada a tsaya ana mata numfashi lokacin gwaji.