Darasin Tattalin Arziki: Hanyar Da Ɗan Kasuwa Zai Bi Ya Sauke Nauyin Bashi

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, sannan a watan Yuni aka saki Naira kasuwa ta yanke mata farashi, bashi ya shiga gidaje da shagunan da a da ba su san shi ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, a daidai lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5. Wanda ya ci bashi a irin wannan yanayi, kaya na cin sa, ruwa ma na cin sa.

Mataki na farko shi ne mutum ya ɗauki littafi ya rubuta duk wanda ke bin sa: nawa ne uwar kuɗin, nawa ne ruwan kowane wata, yaushe wa'adi zai cika. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu sun haddace abin da suke bin mutane har kwabo, amma abin da ake bin su sai kirdado.

Bari mu ɗauki misali. A ce wani mai sayar da hatsi a kasuwar Mile 12 ta Legas ribarsa Naira 300,000 ce a wata. Dillalin da ke turo masa kaya daga Arewa yana bin sa 400,000 ba ruwa. Bankin ba da ƙananan rance yana bin sa 500,000 da ruwan kashi 5 a wata, wato 25,000. Ya kuma karɓi 100,000 daga wata manhajar rance ta waya da ruwan kashi 20 a wata, wato 20,000. Mai karatu ya lura: ƙaramin bashin nan kusan ruwansa ɗaya da wanda ya ninka shi sau biyar. Saboda haka shi za a fara kashewa.

To, da wane kuɗi? A nan kasafi ke shigowa. Babbar cutar ɗan kasuwa ita ce aljihu ɗaya: cefane, kuɗin makaranta, gudummawar biki, duk daga akwatin shago, har ya kasa bambance ciniki da riba. Ya kamata ya yanka wa kansa albashi, ya riƙa ɗaukar sa sau ɗaya a wata, kuma ya rubuta kowace Naira da ta fita har kwana 30. Sai ya ga inda ruwa ke yoyo: man janareta, katin waya, anko, tafiye-tafiyen da waya za ta iya maye gurbinsu. Abinci da magani da karatun yara ba a taɓa su. Jari ma haka, domin wanda ya rage kayan shago don ya biya bashi ya yanke reshen da yake zaune a kai.

Idan mutumin namu ya tsimi 60,000 a wata, cikin wata biyu ya rabu da manhajar. Daga nan yana da 80,000 da zai ɗora kan abin da yake bai wa banki, ya gama cikin kimanin wata shida. Sai dai ya tambayi bankin tukuna: ruwan kan ragowar kuɗi ake lissafa shi, ko kan asalin abin da aka karɓa? In na biyun ne, ya nemi a rubuta masa rangwamen da zai samu idan ya biya kafin wa'adi.

Dillali kuwa, kada rashin ruwa ya sa a mai da shi saniyar ware. A ganina bashinsa ya fi sauran haɗari, domin ranar da ya daina turo kaya, ranar shago ya mutu. A same shi, a faɗa masa gaskiya, a yi yarjejeniya kan abin da za a iya bayarwa kowane mako, a kuma cika. Adashi na taimakawa a nan, muddin ranar kwasa kuɗin ya wuce kai tsaye hannun mai bi.

Game da masu rancen waya da ke tozarta mutum wajen 'yan'uwansa, Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin yi musu rajista a 2022, kuma ana iya kai mata ƙara. Amma ƙara ba ta goge bashi. Haka nan gudu daga banki ba ya fisshe kowa: tun watan Agusta na 2020 Babban Banki ya ba bankuna izinin bin lambar BVN su cire kuɗinsu daga asusun mutum a kowane banki, idan ya sa hannu kan wannan sharaɗi lokacin karɓar rance.