Amsoshin Tambayoyinku: Fita Daji Kai Kaɗai a Ostireliya

Wani mai sauraronmu daga Zariya, wanda aiki zai kai Sidini, yana tambaya ko zai iya fita daji shi kaɗai ya sarara.

Sosai ma, Malam. Hau jirgin ƙasa zuwa Katoomba, tafiyar kimanin awa 2, cikin duwatsun Blue Mountains. Ka bi 'yar hanyar da aka share, ƙamshin bishiyoyin turare na dukan hancinka, ba taro, ba ƙarar waya, sai ka ji gajiyar ofis ta sake ka. Amma ka shaida wa masu masaukinka inda ka nufa, ka riƙe ruwa, ka sa rufaffen takalmi saboda macizai. Daga Disamba zuwa Fabrairu zafi ake yi can, gobarar daji kan tashi, don haka duba sanarwar hukuma kafin ka fita.