TALIYA MAI GYAƊA DA GANYE: DARASI DOMIN MALAMIN ƘAUYE

Ya ku 'yan'uwana 'yan makaranta, da ku malamanmu, ina so yau mu yi nazari a kan wani al'amari wanda da yawa daga cikinmu za su ce bai isa a sa shi cikin jaridar makaranta ba, watau abin da malami zai ci da dare. Amma Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Malamin da bai ci abin kirki ba, ba zai koyar da abin kirki ba.

Kun san dai ran da muka gama karatu a nan, rarraba mu za a yi makarantu. Mu da muka fito daga kudancin Jihar Sakkwato, wani za a kai shi Dogon Daji ko Sanyinna ko Jabo cikin ƙasar Tambuwal, wani kuwa Kuchi ko Girkau cikin ƙasar Kebbe. Kada a ruɗe Kebbe da Jihar Kebbi, wadda aka yanke daga Sakkwato a 1991. A can babu kuku, babu ƙararrawar cin abinci. Albashi kaɗan ne, aiki kuwa da yawa. Kafin mutum ya gama duba littattafan yara, ya shirya darasin gobe, magariba ta yi, ga gajiya, ga yunwa.

Ni kaina na ɗanɗana. Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa wani ƙauye a ƙasar Kebbe, na yi mako uku ba abin da na ke dafawa da dare sai taliya da manja da yaji. Ciki ya kan cika, amma gari na wayewa sai in ji jikina ya mutu, bayan gida ya yi tauri, in tsaya gaban allo ina hamma. Ran nan tsohuwar gidan da na sauka ta leƙa akushina, ta ce, "Ɗana, wanga ba abinci na ba, cikon ciki na. Ga gujiya, ga kabushi, ga zogala bakin danga, ka bar su kana cin alkama tsura?" Na ce, "Inna, ai ban iya ba." Ta ce in kawo tukunya. Abin da ta koya mini a daren nan, da abin da na ƙara sani daga darasin kiwon lafiya, su ne zan shimfiɗa muku.

1. DAGA INA TALIYA TA KE ZUWA

Da garin alkama a ke yin taliya, kuma tsohon abinci ce a duniya. Wani masani Balarabe, Al-Idrisi, ya rubuta a 1154 cewa a wani gari mai suna Tirabiya a tsibirin Sisili ana yin irin wannan abinci mai kama da zare da yawa, har ana loda shi a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. A ƙasar Hausa ma ba baƙuwa ba ce. Tun kafin a kafa masana'antu matanmu suna murza ta da hannu su shanya, shi ya sa a ke ce mata taliyar murji. Daga baya aka sami ɗan injin nan na juyawa da hannu. Alkamar kuwa a fadamu a ke noma ta lokacin hunturu, gama sanyi ta ke so.

Amma taliyar kanti da ta cika kasuwanninmu, mafi yawan alkamarta daga ƙetare a ke kawo ta cikin jirgin ruwa, a niƙa ta a manyan injuna irin na kamfanin Flour Mills of Nigeria, wanda aka kafa a 1960, mai yin taliyar Golden Penny. Gwamnati ta taɓa hana shigo da alkama a 1987 don a noma ta gida, amma ta gida ba ta wadatar ba, aka ɗage hanin a 1992. Sabo da haka duk abin da ya sami duniya sai ya sami tukunyarmu. Da yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, alkama ta yi tsada ko'ina. Da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota ya hau. Tambuwal tana kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, kaya suna iso ta da sauƙi. Amma wanda ke ƙauyukan Kebbe, nesa da wannan hanya, sai ya biya kuɗin taliya ya kuma biya kuɗin ɗauko ta.

To, ga darasi na farko. Cikin tukunyar nan taliya ita ce baƙuwa mai tsada. Gyaɗa da ganye da kabewa su ne 'yan gida masu araha. Mai hankali sai ya rage baƙuwa, ya ƙara 'yan gida.

2. ABIN DA TA KE DA SHI DA ABIN DA TA RASA

Giram 100 na busasshiyar taliya yana ba da kalori wajen 370, watau ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, da kuma giram 12 ko 13 na furotin, abin da ke gina tsoka. Wannan ba abin rainawa ba ne. Manja kuma yana da nasa amfani, don jar kalarsa jiki ya kan juya ta ta zama bitamin A mai taimakon ido, in dai ba a soya shi har ya yi fari ba.

Amma akwai giɓi uku. Na ɗaya, furotin ɗin alkama ya gaza da wani ɓangare da a ke kira laisin, wanda madara da wake ke da shi a wadace. Na biyu, babu bitamin C cikin taliya ko kaɗan. Na uku, an cire mata dusa, dusa kuwa da ganye su ke sa hanji ya yi aiki sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace ko wace rana. Ku auna da kanku, nawa ne cikin akushin taliya da manja?

Gyaɗa kuwa, wadda mu Sakkwatawa mu ke ce wa gujiya, kusan rubu'inta furotin ne, kusan rabinta kuma mai ne. Ashe mun daɗe da sanin ta dace da taliya, tun da yajin ƙuli mu ke barbaɗawa. Illa dai barbaɗe ba ya isa.

3. ABIN DA KE SA MIYA TA YI KAURI DA SANTSI

Turawa in suna son taliya mai laushi a baki, su kan zuba mata maiƙon madara da cuku. A wurinmu waɗannan kayan gwangwani ne, sun fi ƙarfin aljihun ƙaramin malami. Amma muna da abubuwa huɗu da za su yi wannan aiki.

Na farko markaɗaɗɗiyar gyaɗa, wadda in ta dahu cikin ruwa ta kan zama miya mai maiƙo. Na biyu kabewa, wadda ke narkewa ta ba da kauri da ɗan zaƙi. Na uku madarar shanu ko kindirmo daga matan Fulani. Na huɗu kyauta ne, watau ruwan taliyar kanta. Kun lura in an dafa ta ruwan ya kan yi fari? Sitaci ne ya fita daga jikinta. Kun san mai da ruwa ba su haɗuwa. Amma sitacin nan ya kan riƙe su tare, miya ta kama ko wane sili maimakon ta kwanta a gindin akushi. Wanda ya tsiyaye ruwan nan ya zubar, ya zubar da abin da ya saya. Don haka a tukunya ɗaya za mu dafa kome, mu tsira da itace ko gawayi, mu rage wanke-wanke.

4. KAYAN DA A KE BUKATA

Wannan ya ishi mutum biyu ƙoshi, ko uku in ba masu ci da yawa ba ne:

Taliya giram 250, watau rabin ƙunshi mai giram 500.
Soyayyiyar gyaɗa markaɗaɗɗiya, babban cokali 3.
Kabewa, yanki kamar tafin hannu.
Alayyahu ko zogale, cikin hannu 2.
Albasa 1, tumatir 3, tattasai 1, attaruhu 1.
Man gyaɗa ko manja, babban cokali 1.
Daddawa kaɗan, da gishiri kaɗan.
Tafasasshiyar madara ko kindirmo rabin kofi, in an samu.

5. YADDA A KE DAFAWA

Da fari ka wanke hannunka da sabulu, ka wanke ganyen tun bai yanku ba. Ka fere kabewa ka yanka ta ƙanana kamar ƙwayar goriba ko ƙasa da haka, don ƙaramin yanka ya fi saurin nuna. Ka jajjaga tumatir da tattasai da attaruhu.

Sa'an nan ka ɗora tukunya, ka zuba mai, ka soya albasa da jajjagen minti 5. Ka zuba ruwa kofi 3, ka sa kabewa da daddawa da gishiri, ka rufe su tafasa minti 5. Kafin nan ka dama gyaɗar da ruwan ɗumi kofi guda har ta saki, kada ta yi gudaji, ka juye cikin tukunya.

Da ta sake tafasa sai ka karya taliya biyu ka zuba. Ka riƙa juyawa a kai a kai, gama gyaɗa tana son kama gindin tukunya. Taliyar kanti ta kan nuna cikin minti 8 zuwa 10, ta murji kuwa ba ta kai haka. In ka ga ruwa zai ƙafe tun ba ta nuna ba, ka ƙara kaɗan mai zafi. Saura minti 3 a sauke ka zuba alayyahu. In zogale ne, ka ba shi minti 5. Ka farfasa kabewar da bayan ludayi ta narke.

Sai ka sauke tukunya, ka bar ta ta ɗan huce, kana ka zuba madara ko kindirmo ka juya. In ka zuba tana kan wuta, zafi da tsamin tumatir za su tsinka madarar ta yi ɗiga-ɗiga. In babu madara, ragowar dafaffen wake na rana ya isa ya cike giɓin laisin. Daga hura wuta zuwa saukewa ba a wuce rabin sa'a.

Ko wane lokaci na shekara da abin da ya ke bayarwa. Da damina ga alayyahu da zogale da rama. Da kaka ga sabuwar gyaɗa da kabewa, kabewa kuwa ta kan yi watanni a inuwa ba ta lalace ba. Da rani masu lambu suna kawo tumatir da karas da kabeji, ga kuma albasa daga maƙwabtanmu na Aliero. Da bazara, in ɗanyen kaya ya yi tsada, sai a koma ga kauɗar tumatir da busasshen zogale.

6. ABUBUWA HUƊU DA ZA A KIYAYE

Na ɗaya, gyaɗar da ta yi fumfuna. Ka tsince duk wadda ta yi baƙi, ko ta yanƙwane, ko ta ke ɗaci. Fumfunar nan tana fid da wata guba da a ke kira afalatoksin, mai lalata hanta, wuta kuwa ba ta kashe ta. An gano ta ne bayan da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 don cin tunkuzar gyaɗa mai fumfuna da aka kawo daga Burazil.

Na biyu, ɗanyar madara. Lalle a tafasa ta, don tarin fuka na shanu da wani zazzaɓi mai naci suna iya shiga mutum ta cikinta. In kindirmo za ka saya, ka nemi wanda aka yi da dafaffiyar madara.

Na uku, kanwa. Kada ka sa ta don ganye ya yi kore, gama tana ɓata bitamin C da bitamin B1. Doguwar dahuwa ma haka ta ke yi, shi ya sa ganye ke shiga daga ƙarshe.

Na huɗu, gishiri. Hukumar nan ta Lafiya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, watau kusan ƙaramin cokali guda. Dunƙulen miya na kanti mafi yawansa gishiri ne. In ka sa shi, ka rage gishirin. Kuma ka dafa daidai cikinka, don abinci mai madara ba ya kwana lafiya a ɗakin da ba firji.

7. AMSA GA MAI JIN KUNYA

Na san wani zai ce girki aikin mata ne. To, fatake da suka bi hanyar Gwanja da jakuna, wa ya dafa musu? Masunta a bakin gulbi, da sojoji, da almajirai, duk da hannunsu su ke yi. Kunyar da ta fi wannan ita ce malami ya koya wa yara darasin abinci mai gina jiki da safe, da dare kuma su gan shi yana cin taliya tsura. Yara sun fi koyo da abin da suka gani bisa abin da suka ji, gani kuwa ya kori ji. In ka dasa zogale a bakin dangar makaranta, ka shuka kabewa a bayan aji, ka sami miya, yara sun sami darasi.

Ni dai tun daga daren nan ban ƙara yin hamma gaban allo ba, ƙunshin taliya kuma da ya ke ƙare mini cikin kwana biyu ya koma yana kai ni huɗu.

TAMBAYOYI

1. Don me yaƙi a wata ƙasa mai nisa ya kan sa taliya ta yi tsada a Kebbe?
2. Faɗi abubuwa uku da taliya da manja ta rasa, da abin da zai cike ko wanne.
3. Me ya sa ba a zuba madara tukunya tana kan wuta?
4. Ka tafi kasuwa ka tambayi kuɗin ko wane abu da aka lissafa a sashi na 4, ka haɗa, ka raba biyu, ka gwada da kuɗin kwanon abinci guda na sayarwa. Ka kawo lissafin aji mu duba tare.