Amsar Tambaya: Me Ya Sa Ba A Cika Yin Tayil Mai Gefe Biyar Ba?

Wani magini daga Sabon Maci, a gundumar Dakoro, ya tambayi dalilin da ya sa tayil ɗin da ake sayarwa a Maraɗi yawanci mai gefe huɗu ne, ana kuma samun mai shida, amma ba a ganin mai gefe biyar.

Amsar tana wajen da bakunan tayil suke haɗuwa, domin kusurwoyin da suka taru a ɗigo ɗaya, wato buɗewar da ke tsakanin gefuna biyu, dole jimillarsu ta cika digiri 360, in ba haka ba a bar giɓi ko wani ya hau wani. Murabba'i yana da kusurwa mai digiri 90, don haka huɗu sun cika. Mai gefe shida, irin na saƙar zuma, yana da 120, uku sun isa. Alwatika mai gefuna daidai kuwa yana da 60, sai a tara shida. Mai gefe biyar daidai yana da 108, uku suna ba da 324, saura 36 da babu abin cike shi, huɗu kuma sun zarce. Sai dai idan gefunan ko kusurwoyin ba daidai suke ba, masana lissafi sun gano iri 15 masu gefe biyar da suke rufe ƙasa, na ƙarshensu a 2015.

Ga ɗaki mai miƙaƙƙen bango, murabba'i ya fi sauƙi, saboda mai gefe shida yana tilasta yanka a gindin kowane bango, don haka mai sayensa ya ƙara ƴan kwalaye a kan awonsa.