Yadda ake gano inda raƙumin dawa ke kiwo

Gandun dajin Gadabeji yana arewa maso gabas da Azagor, bayan kwarin Tarka, inda gonakin gero ke ƙarewa, ƙasar kiwo ta fara. An keɓe shi tun 1955, faɗinsa hekta 76,000, kuma a 2017 UNESCO ta saka shi cikin wuraren da ake son mutum da namun daji su zauna tare ba wanda ya kori wani. Raƙumin dawa ya yi kusan shekara 50 ba a ga ƙeyarsa a can ba, fari da bindigar mafarauta sun ƙarar da shi. Sai a watan Nuwamba na 2018 gwamnatin Nijar, tare da ƙungiyoyin Giraffe Conservation Foundation da Sahara Conservation Fund, ta ɗauko guda 8 daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su a babbar mota, aka sake su a Gadabeji. A 2022 aka ƙaro 4.

Irin wannan raƙumin dawa na Afirka ta Yamma a Nijar kaɗai ya rage a daji. A 1996 guda 49 ne suka saura, yau sun haura 600. Dabbar da ta dawo daga bakin ƙarewa haka, dole a san inda take cin abinci wata bayan wata, domin can ne take gamuwa da mutane: a gonar wake, a lambun mangwaro, a bakin rumbu. Ga yadda ake sani.

Da farko a zaɓi wadda za a ɗaura wa na'urar bin sawu. An fi son mace baliga mai lafiya, wadda ba ta da tsohon ciki ko jinjiri. Maza in suna faɗa wuya suke lilo su maka wa juna kai, sai na'ura ta farfashe. Gane macen ba wuya, don zanen jikin kowane raƙumin dawa nasa ne shi kaɗai. Masu ƙidaya a Kure suna ɗaukar hoton kowanne ta dama da ta hagu, su ajiye a kundi, kuma da wannan kundin ake cewa ga wance, ga ɗiyar wance.

Kamun shi ne inda hatsarin yake, shi ya sa ake yin sa da sanyin safiya. Likitan dabbobi zai matso a mota ya harba mata allura mai maganin barci mai ƙarfi a kafaɗa ko a cinya. Cikin ƴan mintoci sai ta ɗaga kai sama, ta fara wata tafiya tana ɗaga ƙafafu kamar mai taka wuta. Ba a barin ta ta yi nisa. Majiya ƙarfi za su sha gabanta da doguwar igiya, su tare ta a ƙirji, su zagaya su harɗe ƙafafun, har ta kwanta. Tana kai wa ƙasa likita zai yi mata allurar da ke karya maganin, tun kafin a taɓa komai, saboda maganin yana danne numfashi, ga hawan jinin raƙumin dawa ya ninka na mutum, ga abin da ke tumbinta yana iya dawowa ya shaƙe ta. Wato sauran aikin duka a farke take. A rufe mata ido da ƙyalle, a toshe kunnuwa da auduga, mutum biyu ko uku su danne wuyan, domin muddin ba ta ɗaga wuya ba, ba ta iya tashi. Wani yana zuba mata ruwa a jiki saboda zafi. Kowa kuma ya kiyayi ƙafafun, don harbi ɗaya ya isa ya kashe ƙato.

Wuya ba ya riƙe abin ɗaurawa. Siriri ne a sama, mai kauri a ƙasa, abin da aka rataya sai ya yi ta zamewa yana goge fata. Saboda haka aka koma kan ƙaho. Na'urar ƙarama ce, ta shiga tafin hannu, nauyinta bai kai rabin kilo ba, da ɗan faifan hasken rana a samanta mai yi mata caji. A ɗaure ta a jikin ƙahon, a tabbata faifan yana duban sama. Akwai kuma sababbi da ake maƙalawa a kunne ko a wutsiya. Kafin a tashi a yi awon jiki, a ɗebi ɗan guntun fata don binciken asali, sannan a zare auduga, a cire ƙyalle, kowa ya yi baya da gudu. Ana son duk wannan ya ƙare cikin ƴan mintoci. A 2019 an yi wa wasu raƙuman dawa na yankin Kure wannan aiki, ƙarƙashin shirin da ake kira Twiga Tracker, wanda ke bin raƙuman dawa a ƙasashen Afirka da dama.

Daga nan aiki ya koma sama. Na'urar tana sauraron taurarin ɗan'adam na GPS da ke nisan kilomita kusan 20,000, ta lissafa inda take, ta rubuta wuri da lokaci, galibi sa'a bayan sa'a. Sai ta tura abin da ta tara ta wasu taurarin na sadarwa da ke kusa da ƙasa, su kuma su sauke shi a kwamfutar mai bincike, ko yana Yamai ko yana wata ƙasa. Ba a buƙatar layin waya, abin da duk wanda ya taɓa neman sabis a daji zai san amfaninsa.

Abin da ke bayyana a kwamfuta ɗigo-ɗigo ne a kan taswira, sai an iya karatunsu. In ɗigon sun jeru a miƙe da tazara mai yawa, tafiya take yi. In sun taru wuri ɗaya da tsakar rana, inuwa ta samu tana tuƙa. In sun taru da dare, kwance take. Waɗanda ake nema su ne na safe da na yamma, masu kewaye-kewaye a ɗan ƙaramin fili, taku kaɗan a tsaya, taku kaɗan a tsaya. Nan ne wurin kiwo.

Wannan karatu masu binciken teku sun kai shi inda ya fi ban mamaki. A tekun da ke kewaye da Antatika, can ƙarshen kudancin duniya, akwai giwar teku, dabba mai shayarwa wadda namijinta ke kai tan 3 ko fiye. Wata goma a shekara tana cikin ruwa, tana nutso mita 500 ko fiye da haka neman kifi, wani lokaci har ta wuce mita 2,000, ta ɗago minti biyu ko uku ta sake komawa. Ba mahaluƙin da zai bi ta can. Sai a jira ta fito tsibiran Kerguelen ko Macquarie ko Jojiya ta Kudu ta sake gashi, a ba ta maganin barci, a manna mata na'ura a ka da gam mai ƙarfi. Jami'ar St Andrews ta Sukotlan ta shahara da ƙera irin waɗannan na'urori, masu auna zurfi da sanyin ruwa da gishirinsa, su aika ta taurarin Argos duk lokacin da kan ya ɓullo. To, yaya za a san ta ci ta ƙoshi? Akwai nutson da take daina iyo, ta saki jiki tana hutawa. Kitse ya fi ruwa sauƙi, saboda haka ramammiya da sauri take nitsewa, mai ƙiba kuwa a hankali, wata ma sama take tasowa. In aka ga saurin nitsewarta yana raguwa mako bayan mako a wani yanki, an gano wurin kiwonta ke nan. Bayan shekara in ta sake gashi, na'urar ta faɗi da kanta.

Mu a nan Allah ya hutar da mu wannan dogon lissafi, tunda wurin da ɗigon suka nuna ana iya zuwa a kan babur ko a kan raƙumi. Wannan mataki ne na fi ba muhimmanci, kuma shi ne aka fi saurin rainawa. Taswira ba za ta gaya maka ko gawo ne ko aduwa ko kandili ba. Sai mutum ya tsaya a gindin itacen. Ya duba ƙasa: sawun raƙumin gida taushi gare shi, faffaɗa, ba kaifi, na raƙumin dawa kuwa kofato ne rabe biyu irin na saniya, amma ya fi tsawo nesa ba kusa ba. Kashinsa ƙwaya-ƙwaya ne, a warwatse saboda daga sama yake faɗowa. Sannan ya ɗaga kai: rassan da aka zage ganyensu a tsayin da raƙumin gida ba ya kaiwa, an bar ƙayar tsirara, aikin dogon harshensa ne. Wanda ya tashi yana bin garke a kwarin Tarka, Bafulatani ne ko Buzu ko Bahaushe, zai karanta wannan cikin ƙiftawar ido, ya ƙara maka da cewa jiya da yamma ne ko yau da asuba. Shi ya sa a Gadabeji aka ɗauki mutanen yankin suna bin raƙuman dawan da ido, suna rubuta abin da suka gani. A ganina ladarsu da matsayinsu a cikin aikin ya kamata su yi daidai da abin da suke kawowa.

In aka haɗa ɗigon shekara guda da abin da aka gani a ƙasa, sai tafiyar dabbar ta fito fili. A yankin Kure an daɗe da sanin cewa da damina suna kan tudu cikin dajin geza da sabara, da rani kuma su gangara kwarin Dallol Boso. Dalilin gawo ne: shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar ya ba da ƴaƴa, lokacin da sauran itatuwa suka bushe. Duk wanda ya sare gawo a kwari ya tura raƙumin dawa zuwa rumbun wake. Irin wannan sani ne ke nuna wa jami'an gandun daji inda za a hana saran itace, da ƙauyen da za a yi wa gargaɗi kafin a cire amfanin gona, da hanyar da dabbar ke bi in ta fita gandu.

Abu biyu suka rage. Ba a bazawa jama'a inda dabbar take a yau, domin taswirar da ke taimakon mai gadi ita ce za ta taimaki maharbi. Amma taswirar bara, wadda ke nuna wuraren kiwo da lokutansu, hakkin manoma da makiyaya ne a kawo musu ita a zauna a bayyana, da Hausa da Fulatanci da Buzanci, tunda su ke kwana da dabbar a daji ɗaya. Na biyu, na'ura ba ta dawwama. Wata ta yi shekara, wata ta fi, wata reshe ya fizge ta. In ɗigo ya tsaya wuri ɗaya kwana da kwanaki, sai a tura mutum ya duba, ko ta faɗi ne ko dabbar ce ta mutu. Makiyayin da ya tsinci ɗan akwati mai faifan rana a gindin ƙaya, kada ya fasa shi neman batir, kada kuma ya ji tsoronsa: ba ya ɗaukar hoto, ba ya jin magana. Ya lura da wurin da ya same shi, ya kai wa mai gari ko jami'an gandun daji mafi kusa.